Tsohuwa Tana Fure

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, da ƙafar nan taka da aka ce tana kumbura. Mu nan sai godiyar Allah. Tela ne ke rubuta mini. Ina zaune a bencin shagonsa, ya sauke ƙafa daga kan keke, ya ture wandon wani gefe guda. Na ce masa duk abin da ya fito daga bakina ya sa shi yadda yake, kada ya yi masa kalmasa.

Ba sabuwar magana na zo da ita ba. Ita ce dai wadda nake aiko maka tun kaina da sauran baƙin gashi, kana yin kamar ba ka ji ba. Maganar dashen lemon nan da ka sauke mini a cikin baƙar leda, lokacin kana malamin gona, kana ji da babur ɗin ofis. Ka ce ingantaccen iri ne. Na ce ban san asalinsu ba, ka ce asalinsu na cikin takarda. Na dasa su a ƙasan lambu kusa da rijiya, don kada a ce na watsa wa ƙanena ƙasa a ido. Ba a jima ba ganye ya fara rawaya, wani gefe kore wani gefe fatsi-fatsi kamar an yayyafa masa ruwan toka. 'Ya'yan su fito a karkace, gindinsu kore shar, ka yanka ka sa a baki ɗaci har maƙogwaro. Na tumɓuke su na ƙone, amma abin ya riga ya shiga lambu. Daga nawa ya tsallaka na maƙwabta, daga nan ya bi gari. Kafin zuwan ledojinka ba mu san wannan cuta ba, ko sunanta ba mu taɓa ji ba. Na faɗa maka a gaban mutane, na aiko a takarda, na aiko a bakin direba. Har yau ko uffan.

Yanzu ga abin da ya sa na sake ɓata takarda. Mutanen tsohon ofishinku sun zo da mota da gwangwanin jan fenti. Duk bishiyar da suka ga ta yi rawaya sai su shafa mata, wai za a dawo a sare. Ban hana su ba, waɗanda suka shafa wa ai sun riga sun tafi, tsayuwa ce kawai ta rage musu. Amma da suka gama da lambu sai suka zagayo bayan gida, wurin Tsohuwa. In birni ya mantar da kai, ina nufin lemon da Baba ya dasa a bayan ɗakin Inna, kusa da randa. Suka tsinki ganyenta suka zuba a ambulan. Mai riƙe da fentin ya tsaya yana kallonta, na ce masa in hannunsa ya yi masa nauyi ne ya gwada. Babbansu ya ce in kwantar da hankalina, sai sakamakon gwaji ya fito.

Gwajin me? Auta, Tsohuwa tana fure yanzu haka. Da ka gan ta da ka ji kunyar ofishinku. Da safe ƙamshin ba ya tashi sama, saukowa yake yi ya kwanta a tsakar gida, sai ka ji kamar kana ratsa ruwa in za ka fita. Furen yana faɗawa cikin randa, in ɗebi ruwa in sha da shi. Da rana nakan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, ƙudan zuma na ta guna-guni a sama, har in kasa gane ko barci nake ko ido biyu. Wani lokaci sai in ji ƙarar dutsen wasa wuƙa a bayana, shuu, shuu, yadda Baba ke yi. Ba na waiwayawa, don na san in na waiwaya zai daina. Wannan ce mai cuta?

Abin da nake so, ka je wurin mutanenka. Ko ka yi ritaya ai suna miƙewa in ka shiga. Ka faɗa musu inda cutar ta fito, da bakinka, su bar mini bishiyata. Kada ka ce za ka kira a wayar Tela. Maganar waya iska ce, ana kashewa ta tafi. Ka rubuto, ya karanta mini in ce ya maimaita.

Ka gai da matarka da yara. Ka gai da Uwata, 'yata da na ba ka ka sa a makaranta ka riƙe ta gaba ɗaya. Ka ce mata hanyar gida ba ta toshe ba.

Yayanka,
Mai Lambu

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso hannuna, na karanta, na kuma yi farin cikin jin kana lafiya. Ƙafa da sauƙi, sai dai ba ta son matakala. Iyali duk suna gaishe ka da girmamawa. A miƙa mini godiya ga Tela, rubutunsa ya fi na likitana kyau nesa.

Na je ofis kamar yadda ka umarta. Yaya, ba kowa ne ya miƙe ba, yawancinsu ba a haife su ba lokacin da nake hawa wancan babur ɗin. Na dai samu ganin shugaban sashen. Ya nuna mini cewa ba za a taɓa kowace bishiya mai koren ganye ba sai an tabbatar tana ɗauke da cutar. Ganyen da aka ɗiba an kai ɗakin gwaji, kuma ɗakin gwajin nan shi ne inda Uwata take aiki. Ka ga ke nan abin yana hannun na gida, ba wanda zai yi maka ha'inci.

Game da dashen da na kawo a wancan lokaci, ba zan ja da kai ba. Kai ne babba.

Ban manta da Tsohuwa ba. Har yanzu akwai tabon ƙayarta a cinyata, tun ranar da ka ce in hau in tsinko maka na can ƙoli, Inna ta fito ka gudu ka bar ni a sama. A nan inda nake, taga tana kallon bangon wani gida ne, ba abin da ke fure sai tsatsar bututun ruwa. Da Tela zai iya ɗinke mini ƙamshin nan a cikin ambulan da na gode.

Ina da tambaya ɗaya, ina roƙon kada ranka ya ɓaci. Tun da rawayar nan ta fara, ka ci gaba da yanko idon toho a jikin Tsohuwa kana ɗaura wa mutane a jikin nasu lemon, kana yi musu auren bishiya? Idan haka ne, ina ba da shawara, cikin ladabi, a dakata tukuna har sakamako ya fito. Dakatawa kawai, ba wani abu ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ƙanenka mai biyayya,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Mun gode Allah da ƙafa ta yi sauƙi. Ka riƙa ɗora ta a kan matashi.

Shekara da shekaru ina jiran amsa, sai ga tambaya. Kuma "ba zan ja da kai ba" ai ba amsa ba ce, hanyar gudu ce. Haka kake tun kana yaro, a tambaye ka wa ya ɓarar da mai, ka ce Allah ya ba Inna haƙuri.

Kana tambaya ko na ci gaba. To da me zan yi? In zauna in zuba ido lemon mutane yana mutuwa? Kai ma kana wurin lokacin da Baba ya hore mu cewa duk wanda ya roƙi idon Tsohuwa a ba shi, kuma kada a karɓi komai a hannunsa. Kai ka tafi boko, ni na riƙe. Duk wanda bishiyarsa ta yi rawaya ta bushe, ba na ma jira ya zo. In ɗauki wuƙata, in yanko rassan bara, waɗanda ba su tsufa ba kuma ba su yi ɗanye sharaf ba, in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma in kama hanya. In na isa, in fere idon in sa shi a bakina, tsakanin leɓe, kada iska ta busar da shi. In tsaga ɓawon ɗan lemon tsamin da suka raina, in zura, in ɗaure da roba. Ba magana a lokacin, ko sarki ne ya yi sallama sai dai in ɗaga masa gira. Idon da ya ɗanɗani yawuna bai taɓa ƙin kamawa ba. Ka tambayi Tela, na tsakar gidansa sau nawa ina sake masa, yana mutuwa ina sakewa. Ya ce in faɗa maka har ya gaji da godiya. Daga nan har ƙauyukan tsallaken kogi, ba lemon zaƙin da ba 'yar Tsohuwa ba ce ko jikarta. Cutarka na kashewa, ni ina bi a baya ina rayawa. Wannan ne za a ce in dakata?

Bari in ba ka labarin abin da na gani jiya da rana a kan tabarma. Na ga duk bishiyoyin da na taɓa yi wa aure sun zare saiwarsu daga ƙasa, sun kamo hanyar gida. Suna tafe a jere, a hankali, kamar mata sun taso daga kasuwa, ƙasa na zuba daga ƙafafunsu. Na tsallake suka shigo kogi suna ɗaga rassa sama kada furensu ya jiƙe. Suka cika layinmu, suka wuce ta gaban shagon Tela suna sunkuyawa saboda rumfa, suka shigo tsakar gida har ba wurin sa ƙafa. Duk sun yi rawaya, amma ba rawayar ciwo ba, wani haske ne kamar an kunna fitila a cikin kowane ganye. Ba wadda ta yi motsi. Suna dai tsaye suna kallon Tsohuwa, ita kuma tana ta zubo musu fure a ka. Na so in yi musu sannu da zuwa, sai na ji akwai ido a bakina, ba halin magana. Da na farka inuwa ta matsa, rana na dukan ƙafata.

Ni na fassara shi da cewa shaida suka zo ba uwarsu. Tela ya ce abincin rana ne ya yi mini yawa. Mutumin da ke ɗinka wa mai tumbi riga ba ta rufe cibiya, shi ne zai fassara mafarki.

Ba zan dakata ba. Ka ce wa Uwata ta duba ganyen kakarta da kyau, ta wanke madubin idonta.

A gai da gida.

Yayanka

*

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, da fatan kana cin abinci a kan lokaci, ba ruwan randa da fure kawai ba. Baffa Auta ya nuna mini takardunka. Saƙon hanyar gida ya iso, na kuma karɓi laifina.

Baba, na roƙi Baffa ya bar ni in rubuto da kaina, don ba na so ka ji a bakin mai fenti. Na gwada ganyen. Na sake gwadawa. Na ba abokiyar aikina ta gwada ba tare da ta san bishiyar wa ce ba. Tsohuwa tana ɗauke da cutar, kuma da alama ta daɗe da ita. Ƙarfi ne da ita da zurfin saiwa, shi ya sa take ɓoyewa. In ka sa tsani ka duba reshen ƙoli na wajen gabas, ina jin za ka ga ta fara gajiya.

Cutar a cikin ruwan jikin bishiya take. Akwai wani ɗan ƙwaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana zama a kan sabon toho ya kafa kai ya ɗaga gindi sama. Shi ke tsotsa a nan ya kai can. Amma shi ɗan maƙwabtaka ne, daga wannan shinge zuwa wancan. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa mutanenmu kai shi ne yadda cutar take tsallake gonaki masu nisa, ta haye kogi, ta sauka a tsakar gidan mutum ɗaya ta bar na kusa da shi. Hanya ta biyu da take bi ita ce ido. Duk idon da aka yanko daga bishiya mai cutar, da ita yake tafiya, ko da ganyensa kore ne shar. Na san da wace zuciya kake kai wa mutane.

Na san za ka tambaya wa ya fara kawo ta. Wallahi Baba ba gwajin da zai nuna. Zai iya zama dashen Baffa, zai iya zama ƙwaron ne ya biyo motar kaya, zai iya zama ta riga su duka zuwa. Da na faɗa wa Baffa sakamakon bai karɓi takardar ba, bai tambaye ni komai a kanta ba. Abin da kawai ya tambaya shi ne ko furen ya fara zuba.

Cutar ba ta da magani. In aka bar Tsohuwa, duk sabon dashen da za a raba wa mutane ƙwaron zai ɗebo daga jikinta ya kai musu. Dole a sare ta, kuma ni ce na sa hannu.

Amma akwai abu ɗaya. A can ƙarshen kowane sabon toho akwai wani ɗan tsinin da ido ba ya gani sai da madubin gwaji. Yana girma da sauri har cutar ba ta cika cim masa ba. Muna iya cire shi mu raine shi a cikin 'yar kwalba, in ya yi ƙarfi mu gwada, in ya fita da tsabta ya zama uwa. Ba kullum ake dacewa ba, kuma yana ɗaukar shekaru. Ba zan yi maka alkawarin da ban da iko da shi ba. Amma in an dace, ita ce dai, ba wata ba.

In ka yarda in zo. In ba ka son ganina ma zan zo, in tsaya a ƙofar gida.

'Yarka,
Uwata

*

Uwata,

Salamu alaikum. Allah ya yi miki albarka, wannan dole ne in faɗa ko ina fushi.

Da Tela ya karanta takardarki na ce ya yaga. Ashe makarantar da na bari aka sa ki ta koyon sare bishiyar kakanki ce. Bai yaga ba. Ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin almakashi, ya koma kan keke ya yi ta ɗinki, ba ya kallona. Kin san tagar shagonsa tana kallon tsakar gidansa, inda kututturen lemonsa yake. Na zauna ina jiran ya faɗi abin da zai faɗa. Sai da ya kai ƙarshen hannun riga ya ciji zare, sannan ya ce shi dai ya sha inuwa, kuma yaransa sun sha lemo kafin ya yi ɗaci. Na ce, wa ya tambaye shi?

Na sa tsani. Na ga abin da na gani, ba sai na ba ki labari ba.

Washegari na shiga kwalekwale na haye kogi, don in ga ƙaryar ofishinku da idona. Na daɗe ban yi tafiya irin wannan ba. Hanyar shiru, rana ba zafi, komai kamar an wanke shi an shanya. Na bi gida-gida. Inda duk na taɓa durƙusawa da wuƙata, sai in hango rawaya ta leƙo ta saman katanga tun kafin in isa. Akwai gidan wani mai taurin kai da ya taɓa cewa ba ya son lemona, nasa na gado ya ishe shi, har muka yi shekaru ba ma gaisawa. Nasa na nan kore, ya yi 'ya'ya har an tokare rassan da sanda. Na tsaya a bakin shingensa har karensa ya gaji da haushi.

Ba wanda ya yi mini kallon banza. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ko'ina sannu da zuwa Baba Mai Lambu, a kawo ruwa, a kawo kujera. Matar maƙeri ta ja ni har bayan ɗakinta, ta nuna mini nata ya sake bushewa, ga kuma ɗan lemon tsami ta raina a cikin tsohon bokiti tana jirana. Ta ce tun da Allah ya kawo ni ai an gama. Uwata, rassan Tsohuwa na cikin aljihuna, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Ban san lokacin da na yanko su ba, hannu ne ya saba. Sanyinsu na taɓa cinyata. Na ce mata wuƙata ta dakushe.

Ta yi dariya ta ce, "Baba, a gidan maƙeri kake faɗin haka? Kawo a wasa maka."

Na ce na manto ta a gida. Ga kuma ƙotarta ta leƙo daga aljihu, tana gani ina gani. Ta rako ni har bakin hanya. Tun da Baba ya damƙa mini wuƙar nan ban taɓa hana ɗan Adam ido ba sai ranar.

A tsakiyar kogi na kwance tsumman na zuba su a ruwa. Ba su nutse ba. Suka jeru suna bin kwalekwalen kamar ba su gane an sallame su ba, har mai tuƙi ya karkata suka wuce ƙasa. Na bi su da kallo har hasken ruwa ya hana ni gani.

Kada ki ɗauka na ce kin yi gaskiya. Ban ce ba. Har gobe ina nan a kan cewa kafin ledojin Baffanki lafiya lau muke. Amma ki zo. Ga sharuɗɗana, Tela ka rubuta su da manyan baƙaƙe. Ba za a taɓa ta ba sai furen ya gama zuba, ƙudan zuma ba su yi wa kowa laifi ba. Ba wanda zai shafa mata fenti, ba ɓarauniya ba ce. Tohon da za ki ɗauka ni zan yanko miki da wuƙata, da sassafe, na san waɗanda suka fi kuzari. Kuma kwalbar nan, ki samo mai ɗan faɗi. Bishiyar da ta saba da sararin bayan gida ba a cusa ta a kwalbar turare. Ki ajiye ta inda za ta ga rana, ki riƙa yi mata magana ko da gaisuwa ce, ba ta saba da shiru ba.

Kuma ba a ƙofar gida za ki tsaya ba. Ɗakinki na nan, na sa an share.

Babanki

*

Auta,

Salamu alaikum. Da fatan kana lafiya.

An sare ta. Uwata na riƙe da hannuna. Ban san tsakar gidan nan na da faɗi haka ba, haske ya yi yawa, har yanzu in na fito sai in sunkuya a inda reshe yake a da. An ƙone rassan a bayan lambu, unguwa ta yini tana ƙamshin lemo. Uwata ta tafi da tohon a cikin akwatin ƙanƙara, ta rungume shi a cinya. Ta ce shekaru. Na shuka lemon tsami a ƙarƙashin gidan sauro, ko ni ko wani, a samu inda za a ɗaura ta in ta dawo.

Yanzu saura ni da kai. Ba ni da inuwar barcin rana, sai tunani. Mutum ba ya tambayar ko ana yanko ido a jikin bishiya mai koren ganye sai in da abin da yake zargi. Kuma Uwata ta ce da ta kawo maka sakamako ko takardar ba ka karɓa ba. Kai malamin gona ne, ka san hanyoyin cutar nan tun ina ganin kamar iska ce ke kawo ta.

Tun yaushe, Auta? In ka daɗe da sani, don me ka bar ni ina ɗaukar ta a bakina ina kai wa mutane har gida, suna yi mini godiya? Don me ka zauna ina zaginka a gaban jama'a shekara da shekaru, kana sunkuyar da kai? In tausayina ka ji, wa ya ce maka ina so? In tsorona ka ji, ka faɗa. In kuwa ba ka sani ba, ka rubuta cewa ba ka sani ba, in ji yadda zai fito.

Kada ka aiko Uwata. Kada ka ce ni ne babba, na san ni ne babba. Tela ya ce ya gaji, na ce ya ajiye biro kusa, don in direba ya dawo hannu wofi gobe ma muna nan, jibi ma muna nan.

Na ba da bishiyata. Ka ba ni amsa.

Yayanka,
a bencin Tela